Kwalkwalin Waltraud

A garinmu idan namiji ya tsufa abu biyu ne ke rage masa: ciwon gwiwa da abin da yake tarawa. Wani kan sarki na wasiƙa, wani agogon bango. Ottmar Kienzle kuwa kwalkwali yake tarawa, irin na soja da ake yi da baƙar fatar dabba, mai tsinin tagulla a ka, wanda kakanninmu suka sa suka tafi yaƙi, har aka gane tsinin ba ya tare harsashi, sai dai ya nuna masa inda kai yake. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da tarihi, yara na tsoronsa, iyayensu ma haka. Da ya yi ritaya sai tsoron ya koma kan masu tara kwalkwali. Daga Stuttgart har Ulm, in aka ce "Kienzle ya gani," magana ta ƙare. Bai taɓa kiran na jabu na gaske ba, ko da mai shi zai yi kuka. An kuwa yi kukan, ba sau ɗaya ba.

Matarsa Irmgard ta rasu shekara uku ke nan. Tun daga lokacin a tsaye yake cin abinci a kicin, littafi jingine da butar shayi, don teburin kujera biyu gare shi, ɗayar kuma kallonsa take yi.

Wata Talata da hantsi aka danna ƙararrawa. Ya buɗe ya ga Waltraud Schaible, akwatin hula a hannu ɗaya, faranti rufe da ƙyalle a ɗayan. Mako shida ke nan da binne mijinta Eberhard, tsohon direban jirgin ƙasa. Shekara arba'in da 'yan kai Eberhard da Ottmar suna zama teburi ɗaya kowace Alhamis a mashayar Ochsen, ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, har da ko za a yi ruwa.

"Frau Schaible," ya ce, "in wa'azi kika kawo, na riga na ji. In kek ne, ki shigo."

"Duka biyun ne, Herr Kienzle. Matsa mini, hannuna ya gaji."

Bai tambayi abin da ke cikin akwatin ba. Babu wanda bai san akwatin nan ba a teburin Alhamis.

Ita ta saya wa Eberhard kwalkwalin ranar da ya cika shekara arba'in da haihuwa. Ta san kakansa ya yi soja a rundunar ƙasarmu Württemberg, ta kuma san ya daɗe yana kwaɗayin kwalkwalin hafsa mai tambarin ƙasarmu, zaki da barewa riƙe da garkuwa. Ta shiga jirgin ƙasa ita kaɗai zuwa kasuwar tsofaffin kaya, ta dawo da shi a kan cinya kamar jariri. Alhamis ɗin da ta biyo Eberhard ya ajiye shi tsakiyar teburi yana washe baki. Ottmar ya ɗauka, ya kai shi jikin taga, ya juya sau ɗaya, ya ce, "Haɗi ne."

Masu tambarin mikiya, na ƙasar Prussia, sun yi yawa, kusan kowane rufin gida akwai ɗaya. Masu zaki da barewa kaɗan ne. Don haka 'yan damfara kan cire mikiya su ɗora zaki, su toshe tsofaffin ramukan ta ciki su shafe. Abu ɗaya ne ya gagare su. Baƙin shafen da ke kan fatar yakan yi laushi da zafin bazara, shekara bayan shekara, har tambarin ya nutse a ciki ya bar siffarsa, kamar yadda mutum kan bar rami a gefensa na katifa. Inuwa muke kiranta. Ottmar ya ce ya hangi ɗan layi kamar bakin farce kusa da kofaton barewar, kuma ƙarshen fiffike ne. Eberhard ya ce ƙarzanewa ce. Ottmar ya ce a cire tambarin a gani. Eberhard ya ce fatar ba za ta jure ba. Haka suka yi ta yi har gashinsu ya yi fari, daga baya ya zube.

Waltraud ta ajiye akwatin kan teburin kicin, ta dubi kofunan da ke jibge, ta kau da kai da ƙyar.

"A wurin cin abincin jana'iza na ji," ta ce. "Ina zuba kofi a bayan Bausch, likitan haƙorin nan naku, yana ba wani baƙo labarin wani takobi da aka cuce shi da shi. Sai ya ce, 'Ashe kwalkwalin Waltraud ne.' Suka kwashe da dariya. Ya waiwayo ya gan ni, saura kaɗan ya haɗiye cokali."

"Bausch jaki ne."

"Na sani. Amma sunan ba shi kaɗai ke faɗa ba, ko? Haka kuke kiran duk wani na jabu."

Ottmar ne ma ya fara faɗar sunan, wata rana da ruwan inabi ya yi masa daɗi.

"Ka buɗe shi," ta ce. "Ina so in san ko ni ce na mai da mijina abin dariya shekara arba'in da biyu. Tun ranar nan na kasa kallonsa a kan kabad. Da can kullum da safe sai Eberhard ya ce masa barka da kwana kafin ya ce mini. Kowa ya ce ba ka ƙarya, ko don ladabi."

"Wannan ba yabo ba ne."

"Ban ce yabo ne ba."

"In haɗi ne fa?"

"Sai in kai shi bola ran Juma'a, in zauna da sanin abin da na yi masa. In kuwa na gaske ne, ka miƙe a gaban mutanen can ka faɗa da bakinka. Ba takarda nake so ba."

Ya ɗauki akwatin ya shiga ɗakin aikinsa ya tura ƙofa. Kwalkwali talatin da ɗaya na jere cikin kabad ɗin gilashi, tsininsu duk a sama kamar ajin da ya san amsa. Ya sa safar hannu ta auduga, ya kifa na Eberhard kan ɗan matashi, ya ɗaga siliki na ciki a hankali. Noti biyu ne ke riƙe da tambarin. Ya kama na farko da hantsaki, ya shirya yin fama, sai notin ya juya kamar jiya aka ɗaure shi. Ya dakata. Notin da ya shekara ɗari ba a taɓa ba, ba ya sallamawa haka.

Ya zare na biyu, ya mai da kwalkwalin tsaye, ya ɗaga zaki da barewa.

Ga mikiya nan. Fikafikanta a buɗe, kambinta a ka, kowane gashi a zane cikin baƙin shafen kamar jiya ta tashi. Ramuka huɗu, biyu a toshe. Ya yi gaskiya, tun ranar farko, daga kallo ɗaya a jikin taga. Ya tsaya yana jiran daɗin ya zo, don ya daɗe da share masa wuri a cikinsa. Kafin ya zo sai idonsa ya faɗa kan 'yar takarda, irin ta naɗa taba, an ninke ta huɗu an kwantar kan ƙirjin mikiyar.

Ya san rubutun. Eberhard yana rubutu kamar mai tuƙi a kan gargada.

"Kienzle, in kana karanta wannan na mutu kai kana nan, kuma wannan ba adalci ba ne. Ka yi gaskiya. Na buɗe tun kafin in kawo muku shi. Awa uku ta yi a jirgi da shi a cinya. Ka ci gardama, sai ka ga inda za ka kai ta. E. S., Yuni 1982."

Ottmar ya zauna. Ashe mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo. Kowace Alhamis mutumin nan yakan ɗaure takalmi ya tafi inda za a yi masa dariya, ya buga teburi, ya yi ja kamar gauta, yana kare abin da ya san ƙarya ne, ya dawo gida ya ce wa abin barka da kwana. Ottmar ya karanta labarin jarumai da yawa, ya sa yara sun haddace shekarunsu. Bai tuna akwai direban jirgin ƙasa a cikinsu ba.

Daga kicin ya ji ruwa na zuba, kofi na taɓa kofi. Waltraud ta kasa daurewa. Rabon da ya ji wannan sautin a gidan nan ba daga hannunsa ba, shekara uku.

Shi ma an taɓa yi masa kyauta irin wannan. Shekararsu ta farko da aure, suna haya a hawa na uku, ranar Asabar ɗin da layin share matakalar bene ya zo kansu. Irmgard ta share, ta goge, ta wanke har ƙarƙashin tabarmar ƙofa inda tsohuwar hawa na biyu kan duba da yatsa. Ta gama da sauran ƙarfi a jikinta, ta shigo ta ga kwalkwalinsa na farko, mai mikiya, ya dushe ya yi duhu. Mace 'yar ƙasar nan ba ta ganin tagulla ta dushe ta wuce. Ta ɗauko man goge ƙarfe da man takalmi. Da ya dawo daga makaranta ta tare shi a ƙofa, hannayenta baƙi ƙirin, abin na ƙyalli kamar famfon gidan wanka, ruwan zinariyar da ya shekara saba'in a kai ya koma jikin tsumma.

"Ka ga yadda ya yi kyau?" ta ce.

Bai yi mata tsawa ba, ai shi mai ilimi ne. Ya karɓa, ya sa a kwali, ya sauka da shi ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, ya yi kwana goma sha tara bai ce mata komai ba sai "miƙo gishiri." Ta ba da haƙuri ya karɓa kamar yadda ake karɓar aikin gida da aka kawo a makare. Daga nan har ta mutu ba ta sake shiga ɗakin aikinsa ba. Tsintsiyarta a bakin ƙofa take tsayawa, har akwai layi a daɓe, wannan gefen na ƙyalli, wancan nasa. Yanzu layin ya ɓace, ƙura ta yi adalci. Kwalin kuwa ya bi su gida uku ba a buɗe ba.

Ya ɗauki fensir mai tsini. Malami ne, ba ya iya barin kuskure ba gyara. A bayan takardar ya rubuta: "Ga wanda ya buɗe bayan mun tafi: fatar ta Prussia ce, tambarin na Württemberg. Kada ka bari a cuce ka. Kienzle ya gani." Ya ninke ta yadda take, ya mai da ita kan ƙirjin mikiya, ya ɗora zaki da barewa, ya ɗaure notin da ɗan ƙarfin da zai wahalar da mai zuwa.

Da ya buɗe ƙofa Waltraud na tsaye tana goge hannu, ƙafafunta daidai inda layin yake a da.

"To?"

"Ramuka biyu," ya ce. Ya ji kalmomin a bakinsa kamar haƙoran wani. "Inuwar zaki da barewa, babu wata. Tare aka haife su."

"Layin da ka ce ka gani fa?"

"Ƙarzanewa ce. Eberhard ya faɗa."

Ta ja kujerar Irmgard ta zauna, ba ta san ta wa ce ba. Ta rufe fuska da ƙyallen goge kwano, kafaɗunta na rawa. Ottmar ya tsaya yana kallon kofunansa, waɗanda ashe farare ne. Can ta ɗago, idanu jajur.

"To kai mugun mutum ne, Herr Kienzle. Shekara arba'in da biyu! Mutum ya ce maka ƙarzanewa ce, ya sake ce maka, kai kuwa don ka karanta littattafai…"

"Haka ne."

"Kada ka ce mini haka ne, bar ni in gama!"

Ya bar ta ta gama. Ta ɗauki lokaci, don ta haɗa da wasu laifuffukan da ba su shafi kwalkwali ba, har da makin da ya ba 'yarta a aji tara. Sannan ta buɗe akwatin, ta shafi tsinin da yatsa ɗaya, ta ce a hankali, "Na san mutumin da ya sayar mini yana da fuskar gaskiya. Har rangwame ya yi mini don na ce na mijina ne." Ta ɗaure igiya. "Alhamis, ƙarfe huɗu. Kek ɗin na tuffa ne. Farantin nawa ne, ka dawo da shi a wanke, wankewa ta gaske."

Da can ƙarfe takwas teburin Alhamis ke zama. Yanzu huɗu ne, don kowa na da maganin da zai sha da shida. Mutum uku suka rage: Ottmar, da Bausch, da Nägele mai kantin magani, wanda kunnensa ɗaya ya yi ritaya kafin shi. Kujerar Eberhard na nan, ba a matsar ba. Teburin na da doka tun asali: wanda ya yi kuskure a kan kwalkwali shi ke saya wa kowa ruwan inabi. Bausch ya saya har mai mashayar ya san shi da haka. Ottmar bai taɓa saya ba.

Waltraud ta shigo da akwatinta ta zauna a kujerar mijinta. Bausch ya soma sha'awar rufin ɗakin.

Ottmar ya ɗaga hannu ya kira mai mashaya. "Kofi huɗu na ja. A kaina."

Nägele ya juyo da kunnen da ke aiki. "Me ya ce?"

"Ya ce a kansa," in ji Bausch. "Kienzle, lafiya? In kira maka motar asibiti?"

Ottmar ya miƙe. Gwiwarsa ta yi ƙara, ya jira ta gama.

"Ranar Talata na cire tambarin kwalkwalin Schaible. Na gaske ne. Eberhard ya yi gaskiya, ni na yi kuskure, tun 1982. Duk wanda ya sake kiran na jabu da sunan matar nan, da ni zai yi."



"Kai?" Bausch ya ce. "Kai ka yi kuskure? Nägele, rubuta kwanan wata! Ni da ka kira makaho a gaban mutane saboda igiyar haɓar kwalkwali guda ɗaya! Ashe duk makafi ne, kai dai ka fi mu tsayin sanda."

"Faɗi son ranka, yau ranarka ce."

"Amma tsaya. Layin nan ni ma na gan shi fa. A buɗe mu gani mana, ido huɗu ya fi biyu."

Waltraud ta ɗora hannu kan akwatin. Ottmar ya dubi Bausch irin duban da ya sa 'yan aji goma suke tuna inda suka bar littattafansu.

"Fatar ba za ta jure buɗewa ta biyu ba. A nan ma Eberhard ya fi ni gaskiya. Kai da ka ƙare rayuwarka kana cire abu daga bakin mutane, ka taɓa mai da ɗaya ya zauna?"

Nägele ya yi dariya a makare, ya ɗaga kofinsa. Ya daɗe yana kallon Ottmar ta saman tabarau, kallon mutumin da ya shekara hamsin yana karanta rubutun likitoci. Sai ya ce, "Don tunawa da Eberhard."

"Don tunawa da Eberhard," suka ce.

Waltraud ta kurɓa ta yamutsa fuska. "Wannan abin yake zuwa sha kowane mako? Allah sarki." Ta fito da kwalkwalin ta ajiye tsakiyar teburi, inda ya fara zama. Bausch ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "Frau Schaible, ina neman afuwa." Ta ce za ta yi tunani.

Labarin zai kai Ulm kafin Lahadi, Ottmar ya sani. Duk wanda ya taɓa yi wa hukunci zai zaro abinsa daga ƙarƙashin gado ya ce wataƙila a nan ma tsohon ya yi kuskure. "Kienzle ya gani" ta zama magana kamar kowace magana. A hanyar gida ya taɓa wurin kamar mai taɓa gurbin haƙori da harshe. Akwai zafi, amma ba kamar yadda ya zata ba.

Da sauran rana ya iso. Bai cire kwat ba ya sauka ƙarƙashin ƙasa, hannu ɗaya a bango. Kwalin na bayan kwalaben da Irmgard ta cika da 'ya'yan itace ta rubuta musu shekara, waɗanda ya kasa ci ya kasa zubarwa. Ya hau da shi kicin yana haki.

Tagullar ta sake dushewa, shekaru sun yi aikinsu ba tare da sun tambaye shi ba. Amma man gogewar ya bushe fari fat a tsakanin gashin mikiyar, abin da duk mai tara kwalkwali ke gani ya ja tsaki. A gefen hagu, inda ta riƙe don ta goge tsinin, akwai shaidar babban yatsa a cikin man takalmi. Ƙarami ne. Ya manta hannunta ƙarami ne haka. Ya ɗauko gilashinsa na aiki ya duba, layi bayan layi, kamar yadda yake duba hatimin runduna.

Ya ajiye kwalkwalin a kan teburi, gaban kujerarta. Ya yanko kek ɗin Waltraud, ya ja tasa kujerar, ya zauna.

"Na gani, Irmgard," ya ce. "Ya yi kyau."

Ya ci kek ɗin a zaune, har da ɓurɓushin. Sannan ya tashi ya wanke farantin sau biyu.